Baƙon da Ke Cikin Ganye: Wa Ke Haɗa Maganin, Itacen ko Funfuna?

Duk wanda ya yi damina ɗaya a Jos ya san funfuna. Idan marka ta kama a watan Agusta, rana ta yi kwana uku ba ta leƙo ba, sai ka jawo takalmin da ke ƙarƙashin gado ka tarar ya yi furfura, burodin shekaranjiya ya yi kore, ɗakin da aka rufe yana warin rima. A wajenmu funfuna alamar lalacewa ce. Amma danginta suna da yawa: naman kaza da ke fitowa a gindin ruɓaɓɓen itace, da laimar kwaɗi, da yis mai kumbura fanke, da abin da ke sa wa yara makero a kai, duk gida ɗaya suka fito. Daga wannan gidan ne kuma aka samu penisilin, bayan da Alexander Fleming ya lura a 1928 cewa wata funfuna da ta faɗa masa cikin faranti tana kashe ƙwayoyin cutar da ke kewaye da ita.

Akwai wani reshe na dangin da ido ba ya gani. Tsinko ganyen darbejiya lafiyayye, shar da shi, babu tabo babu huda. A cikin naman ganyen nan, tsakanin ƙwayoyin halittarsa, akwai zarurrukan funfuna da suka fi gashi siranta suna zaune, suna cin abincin da ganyen ya haɗa, kuma ganyen bai nuna alamar ciwo ba. Masana suna kiransu endofayit, wato mazauna cikin tsiro, kalmar da ake dangantawa da Bajamushen masani Anton de Bary tun 1866. Kusan duk tsiron da aka bincika an same su a ciki. A wani bincike da aka wallafa a 2000, an ciro iri fiye da 400 daga ganye 83 kacal na itatuwa iri biyu a dajin Panama.

Bahaushe bai rasa abin kwatance ba. Mun san kauci, wanda tsuntsu ke kai irinsa kan reshe, ya kafa saiwa a jikin itace ya rayu da ruwansa. Mai magani ba ya cewa kauci kawai, sai ya ce kaucin ɗorawa, ko kaucin kanya, ko kaucin tsamiya, domin a wurinsa baƙon yana ɗaukar halin mai masaukinsa. Ilimin zamani ya zo da tambayar ta ɗaya gefen: shin mai masauki ma yana ɗaukar halin baƙo? Idan aka jiƙa sassaƙe aka sha aka ji sauƙi, itacen ne ya haɗa maganin, ko ɗan hayar da ke cikinsa?

Makiyaya ne suka fara jin jikinsu kafin masu haɗa magani su farga. A Amurka akwai wata ciyawar kiwo da ake kira Kentucky 31, wadda aka fara rabawa manoma a farkon shekarun 1940. Tana jure fari, ƙwari ba sa damunta, sai aka shuka ta a miliyoyin eka. Ba a daɗe ba shanu suka fara rama, nono ya ragu, da zafi su shige tafki su tsaya sun kasa jure rana, da sanyi kuma wasu jelarsu ko kofatonsu ya bushe ya gutsure. An shekara talatin ana zargin ciyawar. A 1977 ne Charles Bacon da abokan aikinsa a jihar Jojiya suka danganta matsalar da wata funfuna a cikin ciyawar, mai bin iri daga uwa zuwa 'ya, wadda daga baya aka tabbatar ita ke haɗa dafin da ke matse jijiyoyin jini. Sai aka ce abu ya zo da sauƙi, a raba ciyawar da funfunar. Aka raba su, shanu suka murmure, ciyawar kuma ta fara mutuwa, domin fari ya kama ta, ƙwari sun far mata. Ashe mai gadi aka kora. A ƙasar Niyu Zilan, inda irin wannan matsala take sa tumaki tangaɗi kamar mashaya, dabarar da aka yi ita ce sauya mai gadin: aka nemo wani nau'in funfunar mai korar ƙwari ba tare da ya bugar da dabba ba, aka sa shi cikin iri, ake sayar wa manoma.

Wannan ya bayyana abin da ke tsakaninsu. Tsiro ba shi da ƙafar gudu. Ya ba funfuna ɗaki da abinci, ita kuma ta biya haya da sinadaran da ke korar tsutsa, da ƙwaro, da dabba, da sauran funfunar da ke son shigowa. Makamai ne na yaƙi, an ƙera su don su taɓa jikin mai rai, kuma abin da ke taɓa jikin mai rai shi ake nema idan ana neman magani. Tsakanin dafi da magani sau da yawa awo ne kawai.

Misalin da ya fi burge ni yana nan bakin rafukanmu. Duman kada, wanda wasu ke kira duman rafi, mai yaɗo da fure ruwan hoda, da dabbobi ba su cika ci ba sai kiwo ya yi wuya. An daɗe da sanin yana ɗauke da wasu sinadarai masu ƙarfi, dangin agometirin, allurar da ungozomar asibiti ke yi wa mai jego don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, asalin wannan dangin sinadarai an san su ne a jikin wata funfuna mai kama zangarniyar hatsi a Turai. Me ya kawo su cikin duman kada? A Jami'ar Bon da ke Jamus, Eckhard Leistner da ɗalibansa suka fesa wa tsiron maganin kashe funfuna, sai sinadaran suka ɓace tare da funfunar. An wallafa wannan a 2004. Daga baya aka gano cewa ƙwayoyin gadon da ke haɗa sinadaran suna jikin funfunar ne, wadda ke manne da wasu 'yan ƙofofin mai a fatar ganyen, tana bin iri zuwa sabon tsiro. A 2011 aka raɗa mata suna Periglandula. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: funfuna ke aiki, duman kada ke amsa suna. Kada wata ta karanta wannan ta je ta jiƙa duman kada don jinin haihuwa. A arewa maso gabashin Barazil an san tsiron da sa awaki da shanu karkarwa idan suka ci shi da rani, kuma ba wanda zai iya auna abin da ke cikin jiƙo da ido.

Labarin da ya sa duniya ta rufta kan wannan fanni shi ne na Taxol, maganin kansa. A 1962 aka sassaƙo bawon wani itace mai jinkirin girma da ake kira yu, a dazukan arewa maso yammacin Amurka, cikin shirin gwamnati na neman maganin kansa a jikin tsirrai. Monroe Wall da Mansukh Wani suka tace sinadarin, suka bayyana siffarsa a 1971. A 1979 Susan Horwitz ta gano yadda yake aiki: yana daskarar da zarurrukan da ƙwayar halitta ke ja da su idan za ta rabu biyu, sai ƙwayar kansa ta maƙale ta mutu. A 1992 aka amince da shi don kansar ƙwan mace, daga baya ta mama. Matsalar ita ce sai an kwaɓe bawon itatuwa aƙalla uku, masu shekaru da yawa, kafin a samu abin da zai ishi majinyaciya ɗaya, kuma itacen da aka kwaɓe ya mutu ke nan.

Ana cikin wannan damuwa, a 1993 Andrea Stierle da Donald Stierle da Gary Strobel na jihar Montana suka sanar cewa sun ciro wata funfuna daga cikin bawon itacen, sun rene ta a kwalba, kuma ta ba su Taxol. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Idan funfuna za ta iya, ba sauran sare daji, sai a kafa tankuna kamar na kamfanin lemo a riƙa ɗiba. Daga nan rahotanni suka yi ta zuba daga Sin da Indiya da sauran wurare: ga funfuna mai Taxol, ga mai haɗa maganin kansar da ake samu a wani itacen Sin, ga wadda aka ciro daga darbejiya tana haɗa sinadarin korar ƙwarin da aka san darbejiya da shi.

Yau an haura shekara talatin, kuma babu kamfani ko ɗaya da ke sayar da Taxol ɗin funfuna. Lissafi kaɗan zai nuna dalili. Abin da aka samu a rahoton farko bai wuce nanogiram 50 a lita ba, nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Ƙarin ruwa ɗaya na majinyaciya yana cin wajen miligiram 300. Ke nan ana bukatar lita miliyan 6, wato tankar mai ta lita 33,000 kusan 180, don zama ɗaya a gadon asibiti. Sannan an sha lura cewa idan aka yi ta dasa funfunar daga faranti zuwa faranti, ɗan abin da take bayarwa sai ya yi ta raguwa har ya ɓace. A 2013 wasu masana a birnin Ahen na Jamus, ƙarƙashin Stefan Jennewein, suka karanta ƙwayoyin gadon funfunar ta Montana kaf, suna neman umarnin haɗa Taxol, aikin da ke cin matakai kusan ashirin a jikin itacen. Ba su samu ba. Bayaninsu shi ne sinadarin yana maƙalewa a jikin funfunar tun tana cikin bawo, ta fito da guzurinsa, ya ƙare a hankali. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Har yanzu akwai masu ja da wannan, suna cewa funfunar tana da tata hanyar daban. Ko ma wane ne da gaskiya, Taxol ɗin da ake sa wa marasa lafiya yau daga ganyen itacen ake fara haɗa shi, ko daga ƙwayoyin itacen kansa da ake renowa a manyan tankuna a Jamus.

Irin wannan ruɗu ya taɓa faruwa a maƙwabtanmu, da itacen da muka sani. A 2013 wata tawagar masana daga Faransa da Kamaru ta ba da sanarwar cewa ta samu tiramol a saiwar tafashiya. Labari ya zagaya duniya: ga itacen Afirka yana haɗa maganin da Jamusawa suka ƙirƙira a ɗakin gwaji. Sai tawagar Michael Spiteller ta Dotmund a Jamus ta bi sawu, har da duba ƙananan halittun da ke zaune cikin saiwar ko su ke haɗawa. Abin da suka tarar ya fi ban tausayi. A arewa mai nisa ta Kamaru ne kawai ake samun tiramol a saiwar, kuma yana cikin ƙasa da ruwa da saiwar wasu itatuwan ma. Manoma ne ke sha, suna kuma ɗura wa shanun huɗa don su jure aiki, shanun su yi fitsari a inuwa, itace ya zuƙa. Gwajin da suka wallafa a 2016 ya nuna sinadarin na masana'anta ne. Na'urorin yanzu suna iya ganin ɗigo a cikin kogi, shi ya sa ganin abu a cikin tsiro ko funfuna bai isa hujjar cewa a nan aka haife shi ba.

A ganina an ɓata shekaru ana yi wa funfuna tambayar da ba tata ba. Ana ta matsa mata ta kwaikwayi itace, alhali tana da nata kayan. Ga magunguna biyu da suka fito daga wannan fanni suka kai kasuwa, dukkansu nata ne na kanta, ba wanda ya taɓa ganinsu a jikin tsiro.

Na farko daga Sifen. Ma'aikatan kamfanin Merck a Madrid sun ciro wata funfuna daga ganyen wani ɗan itacen tsauni, suka samu sinadarin da ke rusa bangon jikin sauran funfuna, wato makamin da take korar kishiyoyinta da shi. An bayyana shi a 2000. Aka yi ta gyara shi har ya zama ƙwayar da za a iya haɗiya, kuma a watan Yunin 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Brexafemme, don ƙaiƙayin gaba na mata wanda funfuna ke haddasawa. Shekara 21 tsakanin ganowa da kanti.

Na biyu ya shafe mu kai tsaye. Wani kamfanin Japan, Meiji Seika, ya ciro funfuna daga ganyen wani fure ɗan'uwan ganyen shayi, ya samu sinadarin da ke shanye jikin tsutsar ciki. Daga shi aka ƙera emodefsid, wanda kamfanin Bayer ya fara sayarwa a 2005 a matsayin maganin tsutsar kyanwa. Mutanen Filato sun san makantar da ƙudan rafi ke kawowa ta hanyar sa wa mutum wata tsutsa, sun kuma san Mectizan, ƙwayar da aka shekara da shekaru ana rabawa gida-gida da sandar awon tsayi, da taimakon Cibiyar Carter mai ofis a nan Jos, har aka kai ga dakatar da rabon a Filato da Nasarawa a 2018 saboda yaɗuwar cutar ta tsaya. Abin da ya sa aikin ya ɗauki tsawon lokaci shi ne Mectizan 'ya'yan tsutsar yake kashewa, uwar kuwa tana nan cikin ƙullutu a ƙarƙashin fata, tana iya kai shekara 15 tana haihuwa. Ana sa ran emodefsid zai taɓa uwar kanta. Ƙungiyar DNDi, mai neman magungunan cututtukan da aka yi watsi da su, ta kai shi matakin gwaji a jikin mutane a Gana, kuma wani gwaji a tsibirin Pemba na Tanzaniya da aka wallafa a 2023 ya nuna yana aiki sosai kan wata tsutsar hanji da magungunan yanzu ba sa iya mata. Maganin kyanwar Turai ke nan yana neman zama maganin talakan bakin kogi.

Kada a ɗauka duk ɗan haya mutumin kirki ne. Masarar da ake nomawa a Mangu da Saminaka tana iya ɗaukar wata funfuna mai suna Fusarium a cikin kara da ƙwaya ba tare da alama ba, kuma idan yanayi ya matsa wa shukar sai ta saki dafin da masanan Afirka ta Kudu suka gano a 1988, wanda ke lalata ƙwaƙwalwar doki, ake kuma danganta shi da kansar maƙoshi. Mazauniyar lumana ce yau, gobe mai cuta. Shi ya sa nake jin tsoro idan na ga sassaƙen da aka tara a buhu da damina ya yi fari-fari, mai sayarwa ya kakkaɓe ya miƙa.

Na taɓa tsayawa wajen wani dattijo mai baza saiwoyi a gefen kasuwar Taminus ta Jos, na ce, Baba, me ya sa ba ka sayen sabara sai daga mutum ɗaya? Ya ce mini ta tudu daban, ta fadama daban, kuma wadda aka cira da rani ba ɗaya take da ta damina ba. Ƙasa da ruwa da shekarun itace duk suna da hannu a wannan, kimiyya ta tabbatar. Yanzu an ƙara sanin cewa mazauna cikin ganye ma suna sauyawa daga wuri zuwa wuri, daga rani zuwa damina. Ba ina cewa funfuna ce sirrin kowane jiƙo ba. A yawancin itatuwan magani, itacen ne ke haɗa kayansa. Amma wanda ya yi shekara arba'in yana bambanta maɗacin wannan dutse da na wancan yana riƙe da bayanin da mai bincike ke bukata kafin ya san inda zai fara tsinka.

Fara aikin ba shi da tsada, kuma nan ne tarkon yake. A wanke ganye, a tsoma shi a sifirit, a tsoma a ruwan bilic, a ɗauraye da ruwan da aka dafa, duk abin da ke bayansa ya mutu. A yayyanka, a ɗora a faranti mai abincin da ake haɗawa da ruwan dafaffen dankalin turawa da sukari, abin da Jos ba ta rasa ba. Cikin 'yan kwanaki zarurruka za su fara leƙowa daga bakin yankan. A raba su, a rene kowace a kan dafaffiyar shinkafa mako uku ko huɗu, a tatso ruwan, a ɗiga a kan ƙwayoyin cuta. Idan aka ga fili ya buɗe kewaye da ɗigon, sai a auna da rula, a rubuta cewa an samu mai kashe ƙwayoyin cuta.

Yawancin binciken da ake yi a jami'o'inmu nan yake tsayawa, alhali nan ne aikin ya fara. Bilic ma yana buɗe fili a faranti. Sai an ware sinadari ɗaya daga cikin ɗaruruwan da ke ruwan, an gano siffarsa da na'urori masu tsada, an duba ko ba wanda aka sani tun shekarun 1970 ba ne, domin mafi yawan lokaci shi ne, sannan a gwada ko yana kashe cuta ya bar mai cutar. Ga wata wahalar kuma: karatun ƙwayoyin gado ya nuna funfuna ɗaya tana iya ɗaukar umarnin haɗa sinadarai iri talatin ko hamsin, amma a faranti kaɗan take haɗawa. Ta samu abinci a sauƙaƙe, babu abokin gaba, me za ta yi da makami? Don haka masu bincike ke tsokanarta, su sauya mata abinci, ko su haɗa ta faranti ɗaya da wata ƙwayar cuta don faɗa ya tashi.

Bukatar kuwa a ƙofarmu take. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta fitar ta nuna mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Wuraren aikin ma akwai su: Jami'ar Jos tana da cibiyar binciken magungunan tsirrai da Bankin Duniya ya tallafa, ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi a Vom tun 1924, ga cibiyar binciken magunguna ta Idu a Abuja wadda ta fitar da Niprisan na masu sikila daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace. Ga tsaunin Jos kansa, sama da mita 1,200, da tsirran da ba a samu a Kano ko Lakwaja, daga duwatsun Shere zuwa kurmin Amurum, da ciyayin da suka iya rayuwa a kan turɓayar tsofaffin ramukan kuza inda wasu suka kasa. Masana sun ƙiyasta nau'in funfuna a duniya tsakanin miliyan 2.2 zuwa 3.8, waɗanda aka raɗa wa suna kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Abin da ya fi ci mini rai ƙarami ne. Ɗalibi ya sha wahala ya ciro funfuna talatin daga marke ko ararraɓi, ya kare kundinsa, ya tafi bautar ƙasa, farantan su bushe a kan kanta ko firji ya mutu da ɗaukewar wuta, a kwashe a ƙone. Wanda zai zo bayansa ya sake daga farko. Funfunar Sifen ta zama magani bayan shekara 21 ne domin an adana ta da rai, da takardar inda aka samo ta. Kuma akwai hanyar adanawa da ba ta bukatar lantarki, wadda likitan Italiya Aldo Castellani ya bayyana tun 1939: a yanko ɗan guntun funfunar, a jefa a ƙaramar kwalba mai tataccen ruwan da aka dafa, a toshe, a ajiye a kabad. Nau'i da yawa suna shekaru a haka ba su mutu ba. Sai a manna takarda a jikin kwalbar, a rubuta sunan itacen da Hausa da Birom da na kimiyya, da dutsen ko rafin da aka tsinko shi, da watan, da sunan mai maganin da ya nuna hanya.